Wasiƙa Zuwa Harare: Labarin Lord Carrington

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma ina fatan sanyin Harare bai takura maka ba kamar bara. Wasiƙarka ta iso, na kuma karanta ta har sau biyu, musamman inda ka ba ni labarin dattijon nan abokin aikinka wanda, duk lokacin da aka ambaci yarjejeniyar Lancaster House, wadda ta kai Zimbabwe ga samun 'yanci, yakan ce a can ne aka ba su tuta aka hana su gona. Ka tambaye ni ko wane ne Baturen da ya shugabanci wannan zama, da kuma ko ya cancanci yabon da mutanen ƙasarsa suke yi masa. Yanzu da na ajiye alli ina da sarari, don haka zan amsa maka a tsanake.

Sunansa Peter Carington, an haife shi ranar 6 ga Yuni, 1919, kuma duniya ta san shi da sunan sarautarsa, Lord Carrington. Sarautar gidansu ba da takobi aka samo ta ba. Kakanninsa masu banki ne a garin Nottingham, ana ce da su gidan Smith, sai a ƙarshen ƙarni na 18, zamanin Firaminista William Pitt, aka ba ɗayansu, Robert Smith, sarautar Baron Carrington. Peter shi ne na shida da ya gaje ta. Ya bi turbar da 'ya'yan manyan Ingila suke bi, wato makarantar Eton, daga nan kwalejin hafsoshin soja ta Sandhurst. Mahaifinsa ya rasu a 1938, sarauta ta faɗo kansa yana ɗan shekara 19, kafin ya ankara kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Ya yi yaƙin ne a cikin tankar yaƙi, a rundunar Grenadier Guards, yana cikin waɗanda suka fara ƙetare gadar Nijmegen da ke ƙasar Holan a watan Satumba na 1944, aka kuma ba shi lambar jarumta ta Military Cross. Ina ganin waɗannan shekaru su suka gyara shi, domin ɗan sarkin da ya kwana cikin taɓo tare da 'ya'yan talakawa, ya ga ana mutuwa ba a tambayar asalin kowa, da wuya ya dawo gida da girman kan da ya fita da shi.

Akwai abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu, domin zai dawo a ƙarshen labarin. Majalisar dokokin Birtaniya zaure biyu ce: ta wakilai, wadda ake zaɓa, da ta masu sarauta, wadda a wancan zamani yawancin kujerunta gadonsu ake yi. Carrington ya zauna a ta biyun tun 1945, bai kuma taɓa zama ɗan majalisar wakilai ba har ya bar duniya. Wannan ya ba shi wani irin 'yanci, tunda ba shi da mazaɓar da zai ji tsoron rasawa, ba ya kuma hangen kujerar Firaminista. Amma ya hana shi tsayawa ya kare kansa a zauren da ainihin iko yake.

Churchill ne ya fara ɗaukarsa a 1951, a matsayin ƙaramin minista a ma'aikatar aikin gona, daga nan kuma ya yi aiki ƙarƙashin Firaminista shida na jam'iyyar Conservative. A 1956 aka tura shi jakada Ostareliya, ƙasar da wani ɗan'uwan kakansa ya taɓa yin gwamna a yankinta na New South Wales. Ya dawo a 1959 ya riƙe ma'aikatar sojan ruwa, daga baya ya zama jagoran majalisar masu sarauta, sannan Sakataren Tsaro daga 1970 zuwa 1974 a gwamnatin Edward Heath. Abin lura a cikin waɗannan shekaru shi ne sau biyu yana miƙa takardar murabus ana mayar masa. Na farko a 1954, lokacin rigimar Crichel Down, inda gwamnati ta karɓi wata gona don atisayen jiragen yaƙi, bayan yaƙi kuma ma'aikata suka hana masu ita saye su mayar. Babban ministansa, Thomas Dugdale, ya sauka, shi kuma Churchill ya ce ya zauna. Na biyu lokacin da aka kama wani akawu a ma'aikatar sojan ruwa, John Vassall, a 1962, yana sayar wa Tarayyar Sobiyet da asiran ƙasa. Binciken da aka yi ya wanke Carrington.

Ba zan ɓoye maka tabonsa ba. Shi ne Sakataren Tsaro lokacin da aka fara tsare mutane ba shari'a a Ireland ta Arewa a 1971, aka kuma gana wa wasunsu azaba wajen tuhuma. Yana kan wannan kujera ranar 30 ga Janairu, 1972, lokacin da sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a garin Derry, abin da sai a 2010 wani Firaminista ya tsaya ya nemi gafara a kansa. Mutumin da ya yi tayin sauka saboda gona bai sauka saboda wannan jini ba, kuma wannan yana ci mini rai duk lokacin da na tuna.

Yanzu ga abin da ya shafi ƙasar da kake zaune. Ka san Ian Smith, jagoran gwamnatin farar fata, ya ɓalle daga Birtaniya ranar 11 ga Nuwamba, 1965, don tsirarun farar fata su ci gaba da mulkin Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, yaƙin sunƙuru kuma ya biyo baya. Da wuta ta yi wuta sai Smith ya shirya da wasu baƙar fata na cikin gida, aka yi zaɓe a watan Afrilu na 1979 ba da Mugabe da Nkomo, jagororin mayaƙan sunƙuru, ba, Bishop Abel Muzorewa ya zama Firaminista, amma soja da 'yan sanda da kotu suna hannun masu su na da. A watan Mayu Margaret Thatcher ta ci zaɓe, ta naɗa Carrington Sakataren Harkokin Waje, zuciyarta kuwa ta karkata ga amincewa da Muzorewa da ɗage takunkumi. Carrington ya ga cewa in an yi haka yaƙi ba zai tsaya ba, kuma Birtaniya za ta wayi gari ita kaɗai, ba Afirka, ba Amurka, ba sauran ƙasashe renon Ingila.

A nan ne mu muka shigo labarin, na kuma san za ka tuna. Ranar 31 ga Yuli, 1979, ana jajibirin taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin man BP a Nijeriya. Dalilin da aka bayar shi ne huldar kamfanin da Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata, amma kowa ya san saƙon na Thatcher ne a kan Rodeshiya. Har yau ina ganin ranar da muka tsaya ni da kai a gidan man nan na bakin kasuwa, kekunanmu a jingine, muna kallon ma'aikata a kan tsani suna kwance koren allon mai haruffa ruwan ɗorawa, aka ɗora sabo mai sunan AP. Wani direban tasi yana tambayar ko man ma an canza shi ne. A lokacin ba mu san cewa wannan allo yana da nasaba da makomar wata ƙasa da kai za ka je ka tsufa a cikinta ba. A Lusaka, Thatcher ta yarda a kira taron da zai haɗa kowa da kowa.

An buɗe taron a Lancaster House da ke Landan ranar 10 ga Satumba, ba a kuma sa hannu ba sai 21 ga Disamba. A tsakani mu ma mun miƙa mulki ga Shagari. Dabarar Carrington ita ce ya hana taron zama kasuwa. Ya raba aikin kashi uku, tsarin mulki, sannan riƙon ƙwarya, sannan tsagaita wuta, ya ce ba za a taɓa na gaba ba sai an gama da na baya. Shi yake kawo takarda, ya ba da wa'adi, ya nemi amsar e ko a'a. Da Muzorewa ya amince, sai ya juya ga Mugabe da Nkomo ya nuna musu cewa in sun ƙi, za a ci gaba ba da su ba. Tun kafin a gama batun tsagaita wuta ya tura Lord Soames, surukin Churchill, ya zama gwamna a Salisbury, wadda ita ce Harare a yau, abin da caca ne ƙwarai, domin da yaƙin ya ci gaba, Birtaniya ce za ta ɗauke shi a ka. Amma gaskiya ita ce ba wayonsa kaɗai ya sa aka sa hannu ba. Zambiya da Mozambik sun gaji da ruwan bama-bamai, shugaban Mozambik Samora Machel kuma ya matsa wa Mugabe lamba ya karɓa. A zaɓen Fabrairu na 1980 jam'iyyar Mugabe ta samu kujera 57 cikin 80 na baƙar fata, Nkomo 20, Muzorewa 3 kacal, aka kuma sauke tutar Birtaniya, Zimbabwe ta samu 'yanci ranar 18 ga Afrilu.

To, dattijon naka bai yi ƙarya ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An ware wa farar fata kujera 20 cikin 100 har shekara bakwai. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne an ɗaure batun ƙasa har shekara goma: ba za a karɓi gonar da ake nomawa ba sai mai ita ya yarda ya sayar, a kan kuɗin kasuwa. Mutanen da suka shiga daji saboda gonakin da dokar rabon ƙasa ta 1930 ta raba iyayensu da su, sai aka ce su saya da kuɗi. An yi musu alkawarin tallafi daga Birtaniya da Amurka, amma ba a rubuta adadi a cikin yarjejeniyar ba, kuma ƙwace gonakin farar fata da aka shiga yi daga shekarar 2000 ka fi ni saninsa. Hukuncina shi ne Carrington ya tsayar da zubar jini, wanda ba ƙaramin alheri ba ne, amma ya zo ne don ya sauke wa ƙasarsa kaya, ba don ya raba gado da adalci ba. Shi ya sa tsugune ba ta ƙare ba. A wani fagen ya fi ƙarfin hali, domin yana cikin waɗanda suka tsaya har ƙasashen Turai tara suka fitar da sanarwar Venice a watan Yuni na 1980, wadda ta amince da haƙƙin Falasɗinawa na zaɓar makomarsu.

Abin da mutanensa suka fi tuna shi da shi kuwa ya zo ne bayan shekara biyu. Ranar 2 ga Afrilu, 1982, gwamnatin sojan Ajantina ƙarƙashin Janar Galtieri ta mamaye tsibiran Falkland, masu mutane kamar 1,800, a kudancin tekun Atlantika. Carrington ya riga ya yi gargaɗi a rubuce cewa kada a janye jirgin ruwan Endurance da ke sintiri a wajen, don Ajantina za ta ɗauka an sakar mata, amma ma'aikatar tsaro ta ƙi ji saboda tsimi. Duk da haka, washegari Asabar da majalisar wakilai ta yi zaman gaggawa cikin fushi, ma'aikatarsa aka fi zagi, shi kuma ba shi da ikon shiga zauren ya ba da amsa. Ranar 5 ga wata ya sauka, tare da ministocinsa biyu, Humphrey Atkins da Richard Luce, duk da roƙon da Thatcher ta yi masa ya zauna. Hujjarsa ita ce an kunyata ƙasa, dole wani ya ɗauki kunyar, kuma ba a tura jiragen yaƙi ana neman mai laifi a gida.

Ina zaune a zaure da Baba, Allah Ya jiƙansa, lokacin da aka faɗi labarin a sashen Hausa na BBC. Ya rage muryar rediyon, ya tambaye ni ko korarsa aka yi. Na ce a'a, da kansa ya ajiye. Ya tambaya ko shi ya yi laifin, na ce ana cewa ba shi ba ne. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce ashe su ma sun san babba juji ne. A watan Janairu na 1983 kwamitin Lord Franks ya fitar da rahoton da bai ɗora wa gwamnati alhakin mamayar ba, amma Carrington bai koma kujerar ba, ba a kuma sake naɗa ɗan majalisar masu sarauta a kanta ba sai David Cameron a 2023.

Bai zauna gida ba. Ya zama Babban Sakataren ƙungiyar tsaro ta NATO daga 1984 zuwa 1988, a 1991 kuma ƙasashen Turai suka ɗora masa shugabancin taron sulhun Yugoslabiya. Ya gargaɗe su cewa gaggawar amincewa da 'yancin Kuroshiya da Sulobeniya kafin a daidaita komai za ta kunna wuta a Bosniya. Ba su ji ba, wutar ta kama, ya ajiye aikin a 1992. Ya rasu ranar 9 ga Yuli, 2018, yana da shekara 99, shi ne na ƙarshe da ya rage cikin waɗanda suka yi aiki a gwamnatin Churchill ta 1951.

Ina da roƙo guda. In kun sake zama da dattijon nan, ka gaishe shi, ka tambaye shi inda yake a watan Disamba na 1979, ko a daji, ko a sansanin tara mayaƙa, ko a gari, da abin da ya ji a ransa ranar da aka ce an sa hannu. Ka rubuto mini yadda ya faɗa, kada ka gyara masa magana. Ka gaida uwargida da yara, mutanen gida duk suna gaishe ka. Allah Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.