Ɗana, kar ka janye daga jawabin nan

Assalamu alaikum ɗana, ya karatu ya jama'a.

Tun jiya da muka yi waya nake ta juya maganarka a raina, wai 'yan ajinku sun zaɓe ka ka yi jawabi a taron da za ku yi kan yaran da ake kawowa birni aikatau, kai kuma kana neman zillewa don turancinka bai nuna ba, kana kuma tsoron manya su ce ka yi rashin kunya. Toh ni dai ban yarda ka janye ba.

Akwai wani baƙar fata a Amurka, Frederick Douglass, a cikin bauta aka haife shi a jihar Maryland a 1818. Yana yaro aka kai shi hidima wani gida a Baltimore, uwargidan ta fara koya masa baƙaƙe, maigidan ya hana ta ya ce karatu lalata bawa yake yi, shi kuwa yaron da jin haka sai ya gane ashe a nan maganin yake, ya riƙa ɗibar burodi yana ba 'ya'yan talakawan turawa a titi su kuma suna biya masa karatu. A 1838 ya gudu cikin kayan ma'aikatan jirgin ruwa.

Ranar da aka fara ce masa ya tashi ya yi magana gaban turawa, a Nantucket a 1841, da bakinsa ya faɗa cewa jikinsa rawa yake yi. Kaga kenan ba a kanka aka fara ba. William Lloyd Garrison, wani bature mai jaridar The Liberator, yana wurin, daga nan ƙungiyarsu ta masu yaƙi da bauta ta ɗauki Douglass yana zagaya garuruwa yana jawabi.

Amma inda nake so ka lura sosai, su kansu turawan da ke tare da shi wasunsu so suke ya tsaya ga ba da labarin bulala da yunwa kawai, sharhi kuma a bar musu, har suna ba shi shawara ya ɗan riƙa magana irin ta bayin gona don a yarda da shi. Ya ƙi. Da mutane suka fara cewa ai wannan mai iya zance haka bai taɓa zama bawa ba, sai a 1845 ya rubuta tarihinsa da sunayen iyayen gijinsa da garuruwan da ya zauna, alhali ya san za a iya zuwa a kama shi, dole ya tsallaka Ireland da Ingila sai da abokansa na can suka haɗa fam 150 suka fanshe shi. Ya dawo a 1847 ya buɗe jaridarsa ta kansa a Rochester.

Kuma wallahi sun sha wuya. A 1843 'yan iska suka karya masa hannu a Indiana, Garrison kuwa igiya aka ɗaura masa aka ja shi a titin Boston a 1835. Sai 1865 doka ta haramta bauta a ƙasar, bayan yaƙin basasa, mutum kusan miliyan 4 ake magana. Mu ma dai kar mu ɗaga kai da yawa, a nan Arewa sai 1936 aka soke ta a doka gaba ɗaya.

Maganar turanci kuwa, Sojourner Truth, wata baƙar fata da ita ma aka haifa cikin bauta a Amurka, har ta rasu ba ta iya karatu da rubutu ba, yaren Holan ta fara ji kafin turanci, amma jawabin da ta yi a garin Akron a 1851 har yau ana zancensa. In turancin ya sarƙe maka ka juya Hausa, ai duk ɗakin suna ji.

Ka faɗi abin da idonka ya gani, yarinyar nan 'yar shekara 9 da ka ce tana wanke-wanke tun asuba 'ya'yan gida na tafiya makaranta, kuɗin aikin nata kuma wata dillaliya ke karɓa. Kar ka ƙara gishiri, kar ka zagi kowa. Sunanta da na gidan kuma ka ɓoye, shi Douglass kansa ya jefa a hatsari, kai kuwa yarinyar za ka jefa, ita ce za ta kwana a gidan bayan kun watse.

Ka turo min abin da ka rubuta ta WhatsApp kafin Alhamis in duba. Mamanka na gaishe ka, ta ce ƙuliƙuli da yajin na hannun direba, ka je tasha da wuri. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka