Wa ke riƙe da akalar kwalejojin Oksfod da Kambirij? Amsa ga mai tambaya

Malam, assalamu alaikum.

Ka tambaye ni a gaban jama'a cewa, in dai kowace kwaleji a jami'o'in Oksfod da Kambirij na Birtaniya tana da shugabanta da dukiyarta da dokokinta, to wa ke yanke hukunci a kan abin da ya shafe su duka? Har ka ƙara da cewa ai wannan zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba. Tun da a fili ka yi tambayar, a fili zan amsa.

Rabin maganarka gaskiya ce. Kwalejoji 31 ne a Kambirij, babbarsu a shekaru Peterhouse, wadda aka kafa a 1284, kuma kowacce malamanta ne ke mulkinta. Shugaban jami'a ba ya iya aika wa kwaleji umarni kan yadda za ta kashe kuɗinta. Haka abin yake a Oksfod.

Sai dai babu kwalejin da ke ba da digiri. Manhaja da laccoci da ɗakunan gwaje-gwaje da jarrabawa duk na jami'a ne. Kwaleji ita ke zaɓar ɗaliban digirin farko, ta ba su masauki, ta shirya musu zaman nan na kusan kowane mako, inda malami ɗaya ke zama da ɗalibi biyu ko uku suna tsefe abin da suka rubuta. Ba kowace kwaleji ke da gwani a kowane fanni ba, don haka ɗalibi yakan ɗauki takardunsa ya tsallaka titi zuwa wata kwalejin a koya masa, daga baya ma'ajin kwalejinsa ya biya. Wanda kullum yake aika ɗalibansa wurinka, ai ba zai ƙi zama da kai a teburi ba.

Teburin a Oksfod shi ne Taron Kwalejoji. Kowace kwaleji tana da wakilci, kuma shugaban taron yana da kujera a majalisar gudanarwar jami'a. Amma a ganina ainihin aikin a ƙananan kwamitoci ake yin sa: na manyan malamai masu kula da karatu, na ma'ajai, na masu ɗaukar ɗalibai. Shawara takan taso daga can, a mayar da ita kowace kwaleji malamanta su tattauna, sannan wakili ya dawo da matsayinsu. Kambirij ma tana da irin waɗannan kwamitoci.

Inda tsarin ya fi burge ni shi ne rabon gurbin karatu. A Kambirij, idan yaro mai ƙoƙari ya nemi kwalejin da masu nema suka yi mata yawa, ba a sallamarsa nan take. A watan Janairu akan tara takardun irin waɗannan yara wuri guda, malaman sauran kwalejoji su bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki wanda ya ga ya fi waɗanda ke hannunsa. A Oksfod kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ake ɗauka, wata kwaleji ce ke ba su gurbi, ba wadda suka rubuta ba.

To, ga inda zan ba ka gaskiya kuma: kuɗi. Dukiyar kwalejin Trinity ta Kambirij, wadda Sarki Henry na Takwas ya kafa a 1546, ta yi wa ta ƙananan kwalejoji nisa ƙwarai. Jami'o'in biyu duk suna da asusun da masu hali ke zuba kuɗi don tallafa wa marasa hali, amma bai cike giɓin ba. A 2019 Trinity ta fice daga asusun fansho na malaman jami'o'in Birtaniya, ta biya kimanin fam miliyan 30, don kada dukiyarta ta zama jinginar bashin wasu. Ɗaruruwan malamai suka yi alwashin daina koyar da ɗalibanta. Babu kwamitin da ya iya hana ta, ta fita abinta.

Ga kuma jan ƙafa. A 1972 kwalejojin Churchill da Clare da King's na Kambirij, waɗanda a da na maza ne zalla, suka fara ɗaukar ɗalibai mata. A Oksfod, kwalejojin maza biyar suka bi sahu a 1974. Saura kuwa kowacce sai da malamanta suka kaɗa tasu ƙuri'ar, shi ya sa Magdalene ta Kambirij ba ta buɗe ƙofa ga mata ba sai 1988, shekara 16 bayan na farko. Duk da haka, in ka ce in zaɓa, na fi yarda da hukuncin da ya bi ta hannun malaman da za su aiwatar da shi a aji, ko da zai makara, a kan wanda aka sauko da shi daga ofis ɗaya. Yarinyar da ta so shiga Magdalene a 1980 tana da damar ƙin yarda da ni.

Wassalam,
ɗan'uwanka a harkar koyarwa.