Wasiƙa zuwa ga ɗana kan goro, gahawa da tsalle

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Dalilin wannan takarda shi ne maganar da ka yi mini a waya, cewa abokan horonka a Dutse suna shan lemon ƙara kuzari kafin su fita tsallen sama, har suna ce maka wanda bai sha ba an bar shi a baya.

Abin da ke aiki a cikin lemon nan sinadari ne da ake kira kafeyin, kuma ba baƙo ba ne a gidanmu, domin shi ne a cikin goron da kakanka ya yi shekaru yana sarowa a kasuwar Gujungu, shi ne kuma a cikin shayi da gahawa. A jikin mutum akwai wani sinadarin mai suna adenosin, wanda ke taruwa tun daga safiya yana sanar da ƙwaƙwalwa cewa an gaji. Kafeyin yakan je ya tare masa mazauni, sai saƙon gajiya ya kasa isa, jijiyoyi kuma su riƙa kai umarni ga naman cinya da na sha-raɓa cikin hanzari. Tsalle kuwa aikin ƙiftawar ido ne, don haka abokanka ba ƙarya suka yi ba.

Sai dai ba su gaya maka girman ribar ba. Masanan da suka auna sun ga cewa idan ɗan wasa ya sha miligiram 3 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyinsa, kimanin awa ɗaya kafin tsalle, abin da yakan ƙaru santimita ɗaya ne ko biyu, wato faɗin ɗan yatsa, wasu ma ba sa ganin komai. Ban raina faɗin yatsa ba. Javier Sotomayor na ƙasar Kuba ya tsallake mita 2.44 a 1989, bai iya ƙara santimita ɗaya a kai ba sai a 1993, kuma har yau ba a karya mita 2.45 ɗin nan ba. Amma shi ya riga ya gyara komai, sauran yatsa ɗaya yake nema. Kai kuwa, da ka zo hutun sallah na ga yadda kake rage gudu a taku biyun ƙarshe kafin ka tashi, kuma a nan kaɗai kana zubar da abin da ya fi taƙi guda, wanda babu gwangwanin da zai maido maka da shi.

Idan ka ga lallai sai ka gwada, to ka yi da lissafi. Nauyinka kilo 60 ne, ke nan miligiram 180 ya ishe ka, kusan kofi biyu na gahawa, ƙaramin gwangwanin Red Bull kuwa 80 ne a cikinsa. Ƙari a kan wannan ba ya ƙara tsalle, sai dai rawar hannu, bugun zuciya da murɗawar ciki, kuma mai rawar jiki ba ya daidaita takunsa. Goro ba shi da ma'auni, domin ƙwaya ta fi ƙwaya ƙarfi. Kada kuma ka fara gwaji ranar gasa. Ka tuna alamomin gawayin da kake yi a bangon zaure kana yaro, har yanzu suna nan ban bari an shafe ba. Haka za ka shafa alli a yatsu, ka yi tsalle ka taɓa bango ranar da ka sha da ranar da ba ka sha ba, ka auna tsakani.

Abin da ya fi damuna shi ne barci. Bayan awa biyar, kusan rabin abin da ka sha yana nan a jininka, ku kuwa bayan la'asar kuke horo. Wanda ya sha a lokacin zai kai tsakar dare ido biyu, ya tashi asuba ƙafa ta yi nauyi, gobe ya nemi gwangwani biyu. Na san wannan a jikina tun ina koyarwa, lokacin da nake raba dare da goro ina duba takardun jarrabawa.

Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta cire kafeyin daga jerin abubuwan da ta haramta a 2004, amma tiramadol ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 2024. Saboda haka kada ka karɓi kwalbar da wani ya buɗe ya haɗa, ko da amininka ne. Ka shawarci mai horar da ku kafin komai, sannan ka aiko mini da awon bangon nan bayan mako huɗu.

Wassalam,
Mahaifinka.