A Tuna da Masu Buƙata ta Musamman Tun Daga Zanen Gini

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi tsokaci a kan aikin sabunta birane, inda ake faɗaɗa tituna, a gina sababbin kasuwanni da tashoshin mota, amma sau da yawa a manta da mutumin da ke kan keken guragu da makahon da ke laluben hanya da sanda.

Waɗannan mutane ba 'yan kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da naƙasa, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙoƙin masu naƙasa ya ɗora wa ƙasashen da suka amince da ita alhakin sauƙaƙa musu shiga gine-gine, hanyoyi da ababen hawa.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaran bayan fage. Ƙa'idar da masana gini suka saba bi ita ce, duk hawan mita 1 yana buƙatar gangara mai tsawon mita 12, saboda haka ƙofar da ke kan tudu mai tsayin rabin mita sai an tanadar mata mita 6. Idan ba a ware wannan fili a zane ba, bayan an gama gini babu inda za a samo shi, sai a zuba siminti a gefen matakala a miƙe, har a manna masa tayil mai santsi, mai keke ya zo ya tsaya yana jiran wanda zai ɗaga shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka nan duwatsun nan masu ƙuraje da ke nuna wa makafi hanya, waɗanda Seiichi Miyake ya ƙirƙiro aka fara shimfiɗawa a Okayama ta Japan a 1967, ba su da amfani idan sun ɓulle jikin turken lantarki ko bakin buɗaɗɗen lambatu.

Ronald Mace, masanin zanen gini ɗan Amurka wanda shi kansa a keke yake tafiya, ya yi kira da a tsara abu ɗaya da zai yi wa kowa, kuma gaskiyarsa ce, domin gangarar da ta yi wa gurgu daidai ita ce tsoho da mai juna biyu da mai tura baro za su bi.

Don haka ina kira ga hukumomin tsara birane da kada su sa hannu a kan zane sai ƙungiyoyin guragu, makafi da kurame sun duba shi, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai sun zo sun bi hanyar da kansu sun tabbatar tana biyuwa.

Na gode.

Wani mai karatu