Wasiƙa zuwa ga ɗana kan ƙamus ɗin Latin

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya kuma ruwan Ibadan? Mu nan kowa lafiya lau, Innarka tana gaishe ka ƙwarai.

Saƙonka ya iso, na ga kana so in taimaka maka ka sayi Oxford Latin Dictionary. Ba hana ka zan yi ba, amma ka dakata tukuna ka ji ta bakina, don na riga ka bin wannan hanyar.

Ƙamus ne na gaske, babu ko tantama. An fara aikinsa a 1933, aka riƙa fitar da shi kashi-kashi daga 1968 har aka kammala a 1982, bugu na biyu kuma ya fito a 2012 cikin mujalladi biyu. Sai dai masu aikin sun yi wa kansu iyaka: Latin ɗin da aka rubuta zuwa wajen shekara ta 200 miladiyya suka tattara. In tsofaffin marubutan Rum kake karantawa, irin su Cicero, ko Kaisar, ko Virgil, ba ka da kamarsa. Amma ranar da malaminka ya miƙo maka Augustine, mutumin Arewacin Afirka da ya rasu a 430, ko fassarar Baibul ta Jerome, to zai bar ka tsaye a hanya, don bayan shekara ta 200 suka yi rubutunsu. Ga tsada, ga nauyi, kuma bayanin kalma guda kan ci shafuka. Kai da kake shekarar farko, nutsewa za ka yi a ciki kafin ka tsamo abin da ya kai ka.

Abin da kake bukata yanzu shi ne matsakaicin ƙamus, wanda zai shiga jakarka, ka yi ta buɗa shi har gefen shafukansa su yi baƙi. Ni na Cassell nake ba ka shawara, wanda D. P. Simpson ya sake gyarawa a 1959. Yana da ɓangaren Turanci zuwa Latin a ƙarshensa, zai yi maka amfani duk ranar da aka ce ka rubuta jimla da kanka.

Kafin ka ba da kuɗi a kan kowane ƙamus, gwada shi a nan gaban mai sayarwa. Nemi kalmar tuli. Ina sakandare, wani ɗan ƙaramin ƙamus na aljihu gare ni, na ci karo da tulit a cikin aikin gida. Na zauna gaban fitilar ƙwai ina bin harafin T sama da ƙasa har kananzir ya ƙare, ban same ta ba, na kwana da baƙin ciki. Da safe malaminmu ya buɗe nasa a harafin F, ya ɗora yatsa a kan fero, ferre, tuli, latum. Ashe duk aikatau ɗaya ne mai nufin ɗauka, kamanninsa ne suka sauya. Ƙamus nagari zai jero maka waɗannan sigogi huɗu, in kuma ka nemi tuli ya tura ka wurin fero. Kai da ka yi Larabci a zaure ba baƙon wannan ba ne, ka san maktub ba a harafin mimun ake nemanta ba, sai an koma ga kaf da ta da ba. Haka suna ma: a ba ka iter tare da itineris da jinsinta, in ba haka ba ba za ka gane ta ba idan ta sauya a cikin jimla.

Sannan duba ko ana sa 'yar sanda a kan dogon wasali. Liber da gajeren i littafi ne, da dogon i kuwa ɗa ne, wanda ba bawa ba. Malum na iya zama mugun abu, na iya zama tuffa, tsawon a ne kawai ya raba su. Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu wuya ba, tunda garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo rubutunsu ɗaya, kunne ne ke rarrabe su. In kun kai ga waƙe za ka ga ba a auna baiti ko ɗaya sai da sanin wannan.

Idan na hannunka ya gaza, ga na Lewis da Short na 1879, yana nan kyauta a intanet, a Perseus da kuma Logeion na Jami'ar Shikago, wayarka ma ta isa. Ya tsufa, an gina shi ne a kan aikin wani Bajamushe mai suna Freund, kuma abin da yake faɗa kan asalin wasu kalmomi an wuce wurin. Amma ya haɗa da marubutan baya da Oxford ya bari. Ka kula da rubutu: shi yana sa j, sai ka ga jam a inda littafinka ya ce iam, Oxford kuwa ba ya raba u da v, don haka via za ka same ta a uia. Ɗan Faransancin da ka tsinta wurin kawunka a Maraɗi kuma kada ka raina shi, ƙamus ɗin Latin zuwa Faransanci na Gaffiot na 1934 yana da tsari mai sauƙin bi.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Kada ka cafki ma'anar farko ka rufe littafi. Virtus ta yi kama da wata kalmar Turanci mai nufin kyan hali, amma daga vir take, wato namiji, kuma a bakin Kaisar mazantaka ce a fagen daga. Karanta bayanin har ƙasa, ka ga wane marubuci ne ya yi amfani da ita, a wane irin zance.

Ka tambayi kuɗin Cassell ɗin, ko na hannu ne in dai shafukansa sun cika, ka gaya mini in aiko maka. Oxford kuwa ka riƙa leƙa shi a ɗakin karatu. In Allah ya kai mu shekararka ta ƙarshe, ka zaɓi marubucin da za ka yi bincike a kansa, sai mu sake zama a kan maganar.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka karatu.

Naka,
Babanka