Matsalar adana bayanai a fayil ga masu koyon harshen C

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wata matsala da na daɗe ina gani a wurin ɗalibai masu koyon rubuta manhaja da harshen C, wato su adana bayanai a fayil, amma idan suka zo ɗauko su sai su tarar sun rikice. Harshen nan, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970, ba ya hana mutum yin kuskure, kuma sau da yawa ba ya sanar da shi cewa ya yi.

Wani ɗalibina ya rubuta manhajar littafin bashi domin shagon hatsin mahaifinsa. Ya haɗa sunan mai saye da adadin buhunan da ya ɗauka da kuɗin da ake bin sa a cikin struct ɗaya, wato ƙunshin da ke haɗa bayanai iri-iri wuri guda, sannan ya tura shi ɗungurungum cikin fayil da fwrite, umarnin da ke rubuta bayanai a fayil. Muddin manhajar tana buɗe komai na tafiya daidai, amma washegari da ya sake buɗe ta, adadin buhuna da kuɗi suna nan, sunaye kuwa sun koma tarkacen alamomi marasa ma'ana. Dalili shi ne ya bayyana sunan a matsayin char *, wanda manuni ne kawai zuwa wurin da haruffan suke zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Abin da ya shiga fayil adireshi ne, ba sunan ba, tamkar mai masauki ya rubuta lambar ɗaki a rajista ya bar sunan baƙo, alhali gobe wani ne zai kwana a ɗakin.

Da muka gyara wannan, sai wata ta kunno kai, kuma ita ce ta fi ba mu wahala. Manhajar tana karanta mutanen farko lafiya, amma da zarar ta iso kan wani dattijo da ya ɗauki buhu 26 sai ta tsaya, duk waɗanda suke bayansa su ɓace. Yaron ya buɗe fayil ɗin ne da "w" da "r" (rubutawa da karantawa a matsayin rubutu) a maimakon "wb" da "rb" (rubutawa da karantawa a matsayin ɗanyen bayanai). A Windows, idan aka buɗe fayil a matsayin rubutu, bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta) mai ƙimar 26, irin wanda adadin buhunan dattijon ya samar, alama ce ta ƙarshen fayil, abin da aka gada tun zamanin DOS, tsohon tsarin da ya gabaci Windows, kuma bayit mai ƙimar 10 ana mayar da shi biyu, 13 da 10, a lokacin rubutawa. Abokinsa da ya gwada manhajar a Linux bai ga komai ba, domin a can babu bambanci tsakanin hanyoyin biyu. Da ɗalibin yana duba adadin da fread, umarnin karanta fayil, take dawowa da shi, da tun ranar farko ya gane inda karatun ya yanke.

A ganina laifin yana wuyanmu mu malamai, domin muna nuna wa yara tura struct gaba ɗaya saboda sauƙinsa, ba tare da mun gaya musu cewa tsarinsa a ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne a kowace na'ura. Struct mai char (harafi) ɗaya da int (cikakkiyar lamba) ɗaya yakan ci bayit 8, ba 5 ba, saboda gibin da ake bari a tsakani domin daidaita wuri. Haka kuma nau'in lamba mai suna long bayit 4 ne a Windows mai bit 64, amma 8 ne a Linux mai bit 64, don haka fayil ɗin da aka rubuta a ɗaya ba lalle ya karantu a ɗayan ba. Abin da ya fi aminci shi ne a rubuta kowane ɓangare daban, a yi amfani da nau'o'i masu tsayayyen girma irin su uint32_t da aka shigo da su a ƙa'idar harshen C mai suna C99, a rubuta tsawon suna kafin haruffansa, sannan a sa lambar siga a farkon fayil domin ranar da za a ƙara wani ɓangare.

Akwai kuma batun ɗaukewar wuta, wanda ya shafe mu kai tsaye. Buɗe fayil da "wb" yana share abin da ke ciki nan take, kuma idan wuta ta ɗauke kafin a rufe fayil da fclose, tsohon bayani ya tafi, sabon bai gama shiga ba. Shi ya sa nake umartar ɗalibaina su rubuta cikin sabon fayil tukuna, sai sun tabbatar ya rufe lafiya sannan su maye gurbin tsohon da shi.

Ina kira ga 'yan'uwana malamai da kada su ba ɗalibi maki a kan irin wannan aiki sai ya rufe manhajar, ya sake buɗe ta, ya kuma karanta fayil ɗin a wata kwamfuta daban a gabansu.

Naka,
Wani malamin kwamfuta daga Zariya