Sanarwa: karatun wannan mako kan Ramana Maharshi

Jama'a, barkanmu da warhaka. Karatun tarihin addinai na wannan mako kan Ramana Maharshi ne, malamin Hindu na kudancin Indiya, haifaffen 1879. A 1896, yana ɗan shekara 16, tsoron mutuwa ya kama shi a birnin Madurai, ya kwanta ya miƙe kamar gawa yana binciken me ke mutuwa. Daga nan ya nufi dutsen Arunachala, can ya zauna har mutuwarsa a 1950.

Hanyarsa: in tunani ya taso, ka tambayi kanka wa ya zo wa. Amsar ita ce "Ni." To, wane ne ni? Kuskuren masu koyo shi ne maimaita tambayar kamar wuridi, alhali nufinsa a bi tunanin har tushensa.

Mu haɗu daren Asabar. Don Allah, nazari ne, ban da gardamar addini.